Raino Ya Zama Sana'a: Sharuɗɗan Buɗe Gidan Rainon Yara A Unguwar Sabo Ta Ibadan

Kafin ƙarfe bakwai na safe unguwar Sabo ta gama tashi. Motoci da babura sun fara cunkoso a shataletalen Mokola, masu shayi sun yi nisa da ciniki, 'yan canji sun fara fitowa bakin titi. A cikin lunguna kuwa, wani aikin ake yi wanda mai wucewa a mota ba ya gani. Ga uwa ta fito da jariri a baya, ta ɗaure shi tamau da majanyi, ta riƙo ɗan shekara biyu a hannun dama. A hannun hagu jaka ce ɗauke da kwanon abinci, gorar ruwa, kunzugu biyu da rigar canji. Ta shiga wani gida ta yi sallama, ta kwance goyon ta miƙa wa dattijuwar gidan.

"Inna, ga su nan, sai La'asar."

"Allah ya tsare, a dawo lafiya."

A kan tabarma akwai wasu yaran da suka riga su zuwa, wani na rarrafe, wata na barci. A ƙarshen wata kowace uwa za ta kawo ɗan abin da aka yi yarjejeniya a kai. Wannan ɗan kuɗin, komai ƙanƙantarsa, shi ne ya fitar da aikin Inna daga taimakon maƙwabtaka ya shigar da shi cikin sana'ar da doka ta ce sai da rajista. Da yawa daga masu yin ta da masu kai musu 'ya'ya ba su taɓa jin haka ba.

Daga riƙo zuwa rainon kuɗi

An kafa Sabo a 1916, lokacin da aka ware wa Hausawan Ibadan wurin zama nasu na kansu a gefen Mokola. Fatauci ne ya kawo su: goro ya yi arewa, shanu su yo kudu. Jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, sai harkar ta ƙara bunƙasa. Wani masanin zamantakewa mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar a shekarun 1962 da 1963, ya kuma fitar da littafi a kanta a 1969. A lokacin mutanen Sabo dubu huɗu ne da 'yan kai. Cikin abubuwan da ya lura da su akwai yawan riƙon yara tsakanin dangi da abokan hulɗa, da yadda matan aure ke sana'a daga cikin gida, yara na fita musu talla.

A irin wannan zama, raino bai taɓa zama matsalar da za a kai gaban hukuma ba. Uwa tana gida. In ta shiga aikin tuwo, ga kaka, ga kishiya, ga goggo, ga 'yar raino da aka ɗauko daga dangi. In an yaye yaro a kai shi wurin kakarsa, wani ma can zai girma a hannun uwar riƙo. Kowa ya san kowa, kuma wanda ya yi sakaci da ɗan wani ya san ba zai iya haɗa ido da iyayensa a masallaci ko wurin suna ba.

Yau zaman ya canja. 'Yan matan da a da su ne 'yan raino suna makaranta, kuma haka ya kamata. Matan Sabo da dama sun fito neman na kansu: akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan asibiti, akwai masu shago da masu sarin kaya a kasuwannin Bodija da Dugbe. Sababbin ma'aurata na kama haya nesa da iyayensu. Dokar ƙwadago ta Nijeriya mako 12 ta ba mai haihuwa na hutu. Gwamnatin Jihar Oyo ta ƙara wa ma'aikatanta mata zuwa wata shida a 2020, amma mai tuyar ƙosai da mai ɗinki ba su da wanda zai biya su hutu. Dole a sami inda za a ajiye yaro, kuma inda buƙata ta samu sana'a kan biyo baya.

Ma'auni uku na doka

A 2003 Nijeriya ta kafa Dokar 'Yancin Yara, Jihar Oyo kuma ta yi tata a 2006 bisa tsarin ta tarayya. Mutane sun fi sanin dokar da zancen aurar da ƙananan yara da sa su aikin wahala. Amma akwai babi guda a cikin dokar ta tarayya, na 14, wanda ya fara daga sashe na 163, da aka keɓe kacokan ga raino da ajiyar ƙananan yara da rana. Babin ya ɗora wa kowace gwamnatin jiha alhakin ajiye kundin rajista na mutane iri biyu: masu rainon 'ya'yan wasu a cikin gidan zama, da masu buɗe wuri na musamman don wannan aiki.

Don gane wanda dokar ta hau kansa a cikin masu rainon gida, abu uku ake dubawa. Na farko shekarun yaro: bai kai shida ba. Na biyu lokaci: zaman ya wuce awa biyu a rana, ko a jere ko in an haɗa. Na uku biya: ana ba mai rainon lada. In waɗannan uku suka haɗu, ko yaro ɗaya ne, sai an yi rajista.

Dokar ba ta shiga tsakanin dangi ba. Ta cire iyaye, da 'yan uwan yaro, da masu riƙonsa, ta kuma cire mai rainon da aka ɗauka aiki tana kula da yaro a gidan iyayensa. Kakar da jikoki suka cika wa ɗaki ba ruwanta da wata takarda. Wadda ake nufi ita ce mai karɓar 'ya'yan mutane daga gidaje daban-daban a kan kuɗi.

Hukuma na iya hana rajista bisa dalilai uku. Tana iya ganin mai neman ba ta cancanci kula da ƙananan yara ba. Tana iya ganin wurin bai dace ba, ko don lalacewarsa, ko ƙanƙantarsa, ko inda yake, ko kayan da ke cikinsa. Dalili na uku shi ya fi shafar unguwa irin Sabo: in akwai wani da ke zaune ko yake aiki a gidan wanda bai kamata ya kusanci yara ba. A gidan haya mai ɗakuna goma, inda baƙo kan sauka yau ya tashi gobe, tambayar ba ta tsaya kan halin Inna kaɗai ba. Ta haɗa da duk wanda ke bi ta tsakar gidan.

In an ba da rajista, ana ba da ita da sharuɗɗa. Hukuma ce ke yanka adadin yaran da za a karɓa. Wajibi ne a kiyaye lafiyar wurin da kayansa, a rubuta suna da adireshin kowane yaro da kowane mai taya aiki, a kuma sanar da hukuma in an sami canji. Jami'ai na da ikon shiga su duba, aƙalla sau ɗaya a shekara. In suka tarar kulawar ta yi muni ko an karya sharaɗi, ana iya soke rajistar, wadda aka soke wa kuma tana da damar ɗaukaka ƙara. Yin wannan aiki ba rajista laifi ne a dokar.

Ofisoshin da za a bi

Mai niyyar buɗe gidan raino a Sabo za ta fara da yi wa sunan sana'arta rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wato CAC. Yanzu ta intanet ake yi. A nan mutane da yawa ke yin kuskure, su rataye takardar CAC a bango su ɗauka sun gama. Wannan takarda shaida ce kawai cewa sunan na mai shi ne. Ba ta ce ginin lafiya yake ba, ba ta ce an tantance ma'aikata ba.

Izinin aikin kansa a hannun gwamnatin jiha yake, a sakatariyar da ke Agodi. Sha'anin jin daɗin yara na ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Mata, amincewa da makarantu masu zaman kansu kuma na ƙarƙashin Ma'aikatar Ilimi, Kimiyya da Fasaha. Wadda za ta tsaya kan rainon jarirai da masu tatata, ta fuskanci ta farko. Wadda za ta haɗa da azuzuwan nazare, da allo da darasi, sai ta nemi amincewar ta biyu. Haka ma Islamiyyar da ta ga iyaye na roƙo ta buɗe sashen ƙananan yara na wuni.

Akwai kuma jami'an duba-gari na Ƙaramar Hukumar Ibadan ta Arewa, inda Sabo take, waɗanda Yarabawa ke kira wole-wole. Su ne masu duba banɗaki, ruwan sha, shara da magudanar ruwa. 'Yan kwana-kwana na jiha su ne masu duba shirin gobara. In gidan zama ne za a mayar wurin taruwar yara, hukumar tsara birane na da ta cewa. Duk kuɗin da za a biya a waɗannan ofisoshi a biya shi a asusun gwamnati a karɓi rasit. Kada a danƙa wa wani ɗan tsakani da ya yi alkawarin kawo takarda gida ba tare da an zo an duba ba, don takardar da ba a ga wuri ba kafin a bayar da ita ba ta kare yaro daga komai.

Abin da mai duba ke nema

A 2007 Nijeriya ta fitar da manufarta ta ƙasa kan rainon ƙananan yara. Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi, NERDC, da tallafin UNICEF, ta kuma fitar da kundin mafi ƙarancin sharuɗɗan da cibiyar raino za ta cika. Wanda ya karanta shi zai ga ba don masu kuɗi kaɗai aka rubuta shi ba. Ya amince a kewaye wuri da katangar siminti, ko ta ƙasa, ko gora, ko dangar kara. Abin da ya dage a kai shi ne gini mai ƙwari, rufin da ba ya yoyo, daɓen da ba ya santsi, iska da haske, da nisa daga juji, hayaniya da abubuwan haɗari. Ɗaki mai murabba'in mita 16, wato mita huɗu tsawo huɗu faɗi, shi ne aka ware wa yara 20 zuwa 25. A sami filin wasa, ruwan sha mai tsabta, banɗaki da fo na ƙanana, akwatin agajin gaggawa, da tukunyar kashe gobara ko bokitan yashi.

Mai duba da ya san aikinsa yakan durƙusa ya kalli ɗaki daga tsayin yaro mai rarrafe. Daga nan ne ake ganin soket ɗin lantarki a buɗe, da wayar da ɓera ya ci, da bokitin ruwa cike a bayan ƙofa, da risho a ƙasa, da kalanzir a cikin gorar lemo. Daga nan ake ganin rijiyar da aka rufe da guntun kwano, da tagar da hayaƙin janareton maƙwabci ke shigowa ta cikinta. Babba yakan wuce waɗannan sau ɗari bai gan su ba.

Sai batun mutane. Kundin ya ce mai kula da yara da mai taya ta kada su gaza shekara 21, kuma su kasance masu ƙoshin lafiya. Mai kula da 'yan ƙasa da shekara uku ta iya karatu da rubutu. Ga 'yan uku zuwa biyar an fi son mai takardar NCE, ko malama ko nas da ta yi ritaya, ko aƙalla wadda ta gama sakandare ta sami horo. Wannan ya rufe ƙofar barin jarirai a hannun yarinya 'yar shekara goma sha biyu don uwar gida ta leƙa kasuwa.

Manufar ilimi ta ƙasa, bugun 2013, ta sa mai kula ɗaya ga yara 10 a gidan raino, ɗaya ga 25 a nazare. A Ingila doka ba ta yarda babba ɗaya ya riƙe fiye da yara uku 'yan ƙasa da shekara biyu ba. Duk uwar da ta yi goyon tagwaye ta san wanne lissafin ya fi kusa da gaskiya. Adadin na Nijeriya shi ne iyakar ƙarshe, kuma mai tsoron Allah za ta tsaya ƙasa da shi nesa in jarirai ne. In wuta ta tashi, mace ɗaya jariri biyu za ta ɗauka a hannu, na uku a baya.

Takardu ma na cikin sharuɗɗa. Kowane yaro da fayil ɗinsa: takardar haihuwa, katin rigakafi, lambar wayar iyaye, da bayanin duk wata lalura da yake da ita, kamar sikila ko asma. A ajiye rajistar zuwa da tafiya, da littafin rubuta abin da ya faru, ko faɗuwa ce ko zazzaɓi. Katin rigakafi yana da muhimmanci na musamman, don inda yara suka taru ƙyanda da gudawa ba sa neman izini kafin su bazu. Ana son cibiya ta ƙulla alaƙa da asibitin da ke kusa, a riƙa auna girman yara. A nan Sabo ta yi sa'a: Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan, UCH, wanda aka buɗe a 1957, bai da nisa da Mokola.

Darussan da aka biya da rayuka

Kowane ɗaya daga waɗannan sharuɗɗa akwai hawaye a bayansa. Ranar 13 ga Maris 2019, wani bene mai hawa uku ya rufta a Ita Faji, cikin tsibirin Legas. A samansa akwai makarantar nazare da firamare. Mutum 20 suka rasu, da yawansu yara. Gwamnan jihar na lokacin, Akinwunmi Ambode, ya ce gidan zama ne, kuma makarantar ba bisa ƙa'ida take aiki a cikinsa ba.

A Jamhuriyar Nijar, gobara ta kama azuzuwan zana a Yamai cikin Afrilun 2021, yara 20 suka rasu. A Nuwamban shekarar irin ta ta sake aukuwa a Maraɗi, aka rasa aƙalla 25, 'yan shekara biyar zuwa shida. Bayan haka gwamnatin ƙasar ta hana sa ƙananan yara a azuzuwan zana.

A Kano kuwa, amanar ce aka ci. A Disamban 2021 aka sace yarinya 'yar shekara biyar, a Janairun 2022 aka gano mai makarantarsu ne ya sace ta ya kashe ta. Gwamnatin jihar ta soke takardun izinin duk makarantu masu zaman kansu don a sake tantance su, kotu kuma ta yanke masa hukuncin kisa a Yulin 2022. Takarda ba ta karanta zuciyar mutum. Abin da take yi shi ne ta tabbatar an san sunan kowa da ke hulɗa da yara, an san inda yake, akwai kuma wanda zai zo ya duba.

Inda gizo ke saƙar

Cika waɗannan sharuɗɗa a Sabo ba abu ne mai sauƙi ba. Unguwar a matse take. Gidaje sun tsufa, sun manne da juna, yawancin mutane 'yan haya ne, filin wasa kuwa sai a yi tafiya ba a ga ko na shimfiɗa tabarma uku ba. Takardun gwamnati da Turanci suke, zancen ofis kuma da Yarabanci. Dattijuwar da ta raini yara ashirin a rayuwarta tana iya jin tsoron in ta kai kanta Agodi rufe mata ɗaki za a yi. Sai ta yi shiru, iyaye ma su yi shiru, kowa ya ce ai mun san ta. To, sanin hali bai gyara wayar lantarki ba, bai kuma ƙara mata hannu na uku ba.

Rufe irin waɗannan ɗakuna ba zai kai yaran wuri mafi kyau ba. Zai mayar da su bakin kaskon suya ne a gefen titi, ko hannun yayyensu da ya kamata a ce suna aji. Tunda dokar da kanta ta amince da mai raino a cikin gida, hanya mafi amfani ita ce a kawo rajistar kusa da mutane. Sabo na da Sarkin Hausawa da masu unguwanni, tana da limamai da malaman da ake jin maganarsu, tana da ƙungiyoyin mata masu adashi. Waɗannan za su iya ƙidaya masu rainon da ke unguwar, su gayyato jami'an ma'aikata su yi bayani da Hausa, a shirya musu horon agajin gaggawa da tsabtar abinci. Mata uku ko huɗu za su iya haɗa ƙarfi su kama wuri ɗaya mai tsakar gida, su nemi izini tare. Attajiran unguwar, masu gina masallatai da haƙa rijiyoyin burtsatse, za su iya yin wakafin gida guda don rainon 'ya'yan marasa ƙarfi.

Iyaye kuma su ne masu duba na farko, don jami'i sau ɗaya zai zo a shekara, uwa kuwa kullum tana bakin ƙofa. Kafin a miƙa yaro, a nemi ganin takardar izinin jiha, a karanta adadin yaran da aka amince da shi, sannan a ƙirga waɗanda ke kan tabarma. A tambayi su waye ke kwana a gidan. A leƙa banɗaki da wurin girki, a ga ƙofar da za a fita in wuta ta tashi. A tambayi wanda ake ba yaro in lokacin tashi ya yi, da abin da ake yi in jikinsa ya yi zafi da rana. Wata rana a zo ba sanarwa. Mai rainon da ke riƙe da amana ba za ta ji haushin waɗannan tambayoyi ba. Wadda kuma ba ta da takardar, maimakon a ɗauke yaro a yi gaba, iyayen da ke kai mata 'ya'ya su haɗu su taimaka mata ta gyara ɗakin, su raka ta Agodi ta yi rajista.